Itatuwan Bayan Gidan Gwaggo Tela

Duk unguwar Gwaggo Tela ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tun tana amarya take taka keken ɗinki a ɗakin ƙurya, wanda tagarsa ke kallon rafi, kuma da wuya ka sami gidan da ba a taɓa sa ɗinkinta ba. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali. In ka kawo mata gyaran riga tana warin jiki, da yatsa biyu za ta ɗaga ta ta ce ka je ka wanko tukuna, ko kai wane ne.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, facin taya yake yi. Bai bar mata komai ba sai gidan nan na kan gaɓa da jerin itatuwan da ya dasa tsakanin bango da ruwa, mangwaro da darbejiya. Da tsofaffin tayoyi yake kewaye kowane dashe don kada awaki su cinye, mutane na yi masa dariya. Bayan rasuwarsa ita ta ci gaba da ba su ruwan wanke-wanke, har suka yi kaurin da mutum ɗaya ba ya iya rungumarsu.

Shekarar da aka yi ambaliya, rafin ya cinye gaɓa hagu da dama. Ƙasa ta zame daga ƙarƙashin gidajen maƙwabta, suka rufta ɗaya bayan ɗaya. Da ruwan ya iso bayan gidan Gwaggo sai ya tarar saiwoyi sun sarƙe ƙasar tam, ya yi dukansa ya gaji ya wuce. Gidanta kaɗai ya rage a layin, don haka rabin layin ya tare a ciki.

Ta karɓe su, amma Allah kaɗai ya san abin da ta haɗiye. Jiƙaƙƙun katifu a jingine ko'ina suna tsami, ƙuda ya cika tsakar gida, wani ya fyace majina a gindin randa. Matar mahauci ma a kan keken ɗinki take shanya wandunan fitsarin ɗanta. Gwaggo ta riƙa toshe hanci da gefen mayafi tana wanke makewayi safe da yamma, ba ta yi wa kowa faɗa ba, tunda mutane ne da suka rasa komai.

Da ruwa ya janye aka kafa kwamitin sake gina unguwa. Shawararsu da daɗin ji: kada a ƙara gini da tubalin laka da ruwa ke narkarwa, a yi da jan bulo gasasshe, ginin da jikoki za su gada. Babban ɗan Gwaggo, wanda ya shekara da shekaru yana zaman kashe wando a shagon aski, ya samo hular kwano ya buɗe wurin gasa bulo. Nan da nan aka laƙaba masa Injiniya, shi kuma yana amsawa ko kunya babu.

To, bulo ba ya gasuwa sai da wuta. Aka ƙone tarkacen da ruwa ya bari, aka sare itatuwan bakin titi, aka bi na filin makaranta. Rannan Gwaggo na ɗinki sai ga Injiniya ya durƙusa a bakin ƙofa yana murza hula.

"Inna, magana ce da ni. Itatuwan nan na baya..."

"A'a."

"Ai ban gama ba."

"Na gama maka. Su suka riƙe gidan da kake tsugune a ciki."

"Inna, wannan tsohon yayi ne. Katanga zan yi miki ta jan bulo, ko babbar mota ba ta ture ta."

"Mota ce ta cinye layin nan? Tashi ka ba ni wuri, ka tare min haske."

Ya tashi, amma ya turo maƙwabta. Matar mahauci ce a gaba, da goyo a baya. "Haba Gwaggo! Mu muna kwana ƙarƙashin leda da ƙananan yara, ke kina tausayin itace?"

Maganar ta soki Gwaggo, don ta san gaskiya ne suna cikin wahala. Ta ce a sare rassa a bar gindi. Suka ce rassa ko bangon ɗaki ɗaya ba za su gasa ba, suka fita suna taɓe baki. Daga ranar gaisuwa ta ragu. Mutanen da ta kwashe wa ƙazanta da hannunta su ne ke kauda kai in ta wuce, har ta ji ana cewa tsufa ya sa mata rowa.

Ana cikin haka autarta ta haihu a wani gari, aka yi mata aiki, dole Gwaggo ta tafi jinya. Kafin ta shiga mota ta ja wa ɗanta kunne a gaban matarsa, ya ce wallahi ko ganye ba za a tsinka ba.

Ranar da ta dawo, tun daga kan kwana ta ga sararin sama a bayan rufin gidanta, fayau, babu ko reshe. A ƙofar gida kuma an kafa rumfa, an jera kujeru, kwamiti na ƙaddamar da dashen itatuwa don kare gaɓa. Injiniya ne ya sa aka daidaita ranar da dawowarta, a ganinsa ba za ta yi masa faɗa a gaban jama'a ba.

Aka raka ta bayan gida ana tafi. Ga katangar nan ja wur, an ɗora ta daidai leɓen gaɓa. Ga kututturai a jere, ɗanyu, suna tsattsafo da ruwa, wani har ya zubar da ɓawon rake a kan ɗaya. Shugaban kwamiti ya miƙo mata dashe a baƙar leda, tsawonsa bai fi almakashinta ba, ya ce a matsayinta na uwar unguwa ita za ta fara sawa. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Injiniya na gefe baki har kunne.

Gwaggo ta dubi dashen, ta dubi ɗanta. Ji ta yi kamar ta taka ƙazanta da ƙafa ba takalmi.

"Damina saura wata nawa?" ta tambaye shi.

"Ta kusa, Inna."

"Ka gaya wa rafin ya jira wannan ya girma?"

Aka yi dariya, an ɗauka wasa take. Ta ajiye ledar a ƙasa, ta shiga ɗakin ƙurya ta cire kan kekenta daga teburinsa, ta naɗe shi a zani ta rungumo. Mai motar da ya kawo ta bai riga ya juya ba, ta yafito shi.

"Inna, ina kuma za ki?"

"Wurin ƙanwarka. Gidan na bar maka, kai da katangarka." Ta zauna ta ɗora kan keken a cinya, sannan ta leƙo ta taga, ta wuce shi da ido ta kira matarsa. "Ke, in kin ga hadari ya haɗo, ki fitar min da jikokina daga ɗakin ƙurya."