Na Je Doha Roƙon A Ɗaga Wa Kyauta Wuƙa

Kano zuwa Abuja

Ana kiran assalatu na bar Gwammaja, don in riski jirgin yamma a Abuja. Kafin Zariya sau uku aka tare mu, kowane shinge tambayarsa ɗaya: "Ina zuwa?" Direba ya ce musu kallon ƙwallo za ni. Bai yi ƙarya sosai ba, domin a kwanakin gasar cin kofin duniya ba a shiga Katar sai da tikitin wasa. Ni da ban san ɗan wasa ko ɗaya ba, na saya.

Abin da ya tashe ni shi ne Kyauta, ɗan shekara biyu da 'yan watanni. An haife shi lokacin kullen korona, mata-maza. Likitocin asibitin gwamnati sun ce lafiyarsa ƙalau, a bari ya girma a ga inda halittarsa ta karkata, shi ma a ji ta bakinsa. Amma yayan mahaifinsa, Alhaji Sale, ya samo wani mai asibitin kuɗi da ya ce zai "gyara" shi ya koma cikakken namiji. Uwar, Hindatu, ita ta zo ofishinmu na lauyoyi tana kuka. Kotu ta ce iko na uba ne, sai an ji daga gare shi. Uban kuwa, Habu, gadi yake yi a Doha, kuma ya daina ɗaukar wayata.

Najma

Mun sauka da hantsi. Filin jirgi ya cika da tutoci da masu fenti a fuska, kowa na waƙa. Alasan, wani direba ɗan Zangon Kumasi da abokina ya haɗa mu, shi ya ɗauke ni.

"Barista, yalla, mu tafi. Otal kam ka manta da shi, 'yan ƙwallo sun cinye."

Ya sauke ni a ɗakinsu a unguwar Najma, mutum shida, gado kan gado. Ya sayo mini shinkafa da kaza da shayi mai madara, ya hana ni biya. Da na ambaci Habu sai ɗakin ya ɗauka: "Abu Sadik? Wa bai san shi ba!"

A nan na ji labarin. Ranar haihuwar, waya na yankewa, aka ce masa namiji ne. Ba jirgi, ba hanyar zuwa gida. Ya yi wa abokansa walima a ɗaki, ya raɗa wa jaririn suna Sadik, su kuma suka bi al'adar Larabawa suka koma kiransa da sunan ɗansa. Kyauta kuwa uwar ce ta laƙaba masa, da ta ga abin da ta gani. Har yau Habu bai taɓa ɗaukar yaron a hannunsa ba.

Al Gharrafa

Washegari bayan la'asar Alasan ya ajiye ni a unguwar Al Gharrafa, a ƙofar rukunin gidajen da Habu ke gadi. Na same shi a tsaye cikin kakinsa, siriri, idanunsa sun yi ja. Ko kujera ba a ba shi ba, sai na tsaya tare da shi.

"Barista, ka sha hanya a banza," in ji shi. "Khalas, an gama magana."

"Malam Habu, wa ya gama ta? Kai ko Alhaji?"

Wata mota ta zo, ya ruga ya ɗaga ƙarfen ƙofa, mai motar bai ko dube shi ba. Da ya dawo ya ce, "Ka gani? A garin nan ba ni da komai sai sunan nan. Kafil ɗina ma, ubangidan da ya ɗauke ni aiki, Abu Sadik yake ce mini. In koma in ce musu me?"

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce masa mutanen ɗakinsu ba su za su rayu a jikin yaron ba. Na ce malaman fiƙihu tun da can sun san irin wannan halitta, sun ce a jira alamomi su bayyana, har rabon gado sun tanadar mata. Na ce abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa, idan ya balaga jikinsa ya nuna mace, wa zai amsa masa? Sannan na nuna masa hoton bidiyo da Hindatu ta ba ni: Kyauta na bin kaza a tsakar gida, yana faɗuwa yana dariya.

Sau uku ya kalla. Ya goge fuska da hularsa.

"A bari," ya ce. "A bar shi ya girma. Zan faɗa wa alƙali da bakina ta waya."

Da a nan muka tsaya, da yanzu wani labari nake ba ku. Amma sai ya ce ba zai yi wa Yaya tsallake ba, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Na roƙe shi ya bari sai ranar Litinin, bayan zaman kotu. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. A gabana ya kira, har da rusunawa, mutum na Kano shi yana Doha.

"Don Allah Yaya, da ma cewa na yi ko za a ɗan dakata..."

Muryar Alhaji ta fito a sanyaye: "To, na ji. Allah ya kai mu."

Habu ya yi murmushi. Ni kam na gane Alhaji zai riga kotu. Na kira Hindatu, wayarta a kashe. Na kira abokin aikina, ya ce yau Alhamis, an tashi daga kotu, ba zama sai Litinin.

Gida

Jirgin da na samu na Asabar ne. Juma'ar nan na yi ta a ɗakin Alasan, gari na ta ihun ƙwallo, tikitin wasana na aljihu.

Daga tasha ban biya gida ba, na wuce wurin Hindatu. Maƙwabta suka nuna mini asibitin. Tun safiyar Juma'a Alhaji ya aiko a kai masa yaron ya gaisa da baƙi, daga nan aka wuce da shi asibitin; wayar uwar kuwa tun ranar Alhamis aka karɓe ta.

Na same ta a bakin gado. Kyauta na kwance an naɗe shi da bandeji daga cibiya zuwa cinya, ba ya kuka, ido kawai yake bin mutane da shi.

"Uban ya ce a bari," na ce mata. "A gabana ya faɗa."

"Na sani, Barista. Amma da 'don Allah Yaya' ya fara, ko ba haka ba?"

Mun shigar da sabuwar ƙara, kan Alhaji da mai asibitin, kuma ba zan janye ba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alasan da ya bar mini gadonsa ya kwana a ƙasa. Jiya ya kira ni yana tambaya ko an dace, ya ce Habu ya hana kowa a ɗakin ya ƙara kiransa Abu Sadik.