Babarbaren da Ya Hana Ni Tafiya Gabas

Bara, bayan malamina ya sallame ni daga karatu, na ƙudura niyyar bin fataken kanwa zuwa Gabas, ba tare da na je na yi wa mahaifiyata sallama ba, kuma ba da nufin dawowa ba. Ina so in rubuta abin da ya hana ni tafiya, iyakar yadda na tuna shi. Inda na yi shakka zan faɗa, domin alƙalami shaida ne, kuma ina tsoron in ɗora wa wani abin da bai yi ba.

Ni ɗan fari ne a gidan Fulanin da suka daɗe da barin daji, suka zauna a wani ƙauye kusa da Auyo suna noma da kiwon 'yan shanun da suka rage. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta hira da shi. Kunya ake ce wa wannan. Ba na zargin al'adar, domin ta tanadi maganinta: akan miƙa yaron ga kakarsa, ita ta goya shi, ta tsokane shi, ta kira shi mijinta. Ni kuwa kakannina duka sun riga mu gidan gaskiya kafin a yaye ni. Sai na sami rabin al'adar na rasa rabi.

Ba a taɓa bari na da yunwa ba, ba a kuma dake ni ba sai da dalili. Amma ƙannena Inna suke ce mata, ni Adda aka koya mini, kamar yayata ce. In za ta aike ni sai ta dubi danga ta ce, "A ce wa wancan ya kai maruƙa fadama," ko da ni kaɗai ne a tsakar gidan. Nakan jiyo dariyarta da ƙannena daga waje, in na shigo ta ɗauke. Mahaifina ma haka ya riƙe ni har ya rasu.

Da na tasa aka kai ni Haɗeja, cikin ganuwa, gidan wani malami. A can na zama mutumin da yake auna kowace kalma kafin ya furta ta, yake kuma auna wadda aka faɗa masa. Karatu ya karɓe ni saboda haka. Mutane ba su karɓe ni ba, ni ma ban neme su ba.

Wata damina, kogi ya cika, malam ya aike ni tsallake. Mai fiton wani saurayi ne sa'ana, Babarbare, zane ya cika masa kumatu. Ina sa ƙafa a kwalekwalensa ya ɗaga murya ya ce, "Kai Bafillatani, zauna a tsakiya ka riƙe gefe, kada iska ta ɗauke ka. Ku ruwan da kuka sani ai na ƙwarya ne, wanda kuke tsarma nono da shi."

Na amsa masa da cewa a gidanmu ba a tsarma nono, kuma ha'inci haramun ne, na kawo masa hujja. Mutanen jirgin suka fashe da dariya har wata tsohuwa ta kusa zubar da shinkafarta a ruwa. Da na koma na kai ƙara wurin malam, cewa wani mutum ya yi wa danginmu ƙazafi a bainar jama'a. Malam ya tambayi ko wane ne. Da ya ji Babarbare ne sai ya ajiye littafinsa ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. Ya ce Barebari da Fulani abokan wasa ne tun kaka da kakanni, wanda ya gan ka bai tsokane ka ba shi ne ya raina ka, kuma ramuwa wajibi ce a kaina. Sannan ya ce, "Ba a koya maka wannan a gida ba?"

Na yi kwanaki ina shirya ramuwata kamar mai shirin biya karatu. Da na koma bakin ruwa na tsaya gabansa na karanto ta, wani abu game da girman kan Barebari. Ya saurara da kai a sunkuye, ya ce, "Sake biyawa, malam, ka ci gyara a tsakiya." Na sake. Ya ce da sauƙi, amma gobe in zo da wadda ta fi zafi. Haka muka fara. Shekarun da suka biyo baya, in na gaji da allo nakan je in zauna a gindin gorubar da yake ɗaure jirginsa, ya zage ni in rama, yawanci bayan maganar ta wuce. Bai taɓa tambayata abin da ya sa nake shiru ba, ni kuma sau ɗaya na ba shi labarin gidanmu, a gajarce.

Shi na fara faɗa wa batun tafiyata. Ya ci gaba da kwashe ruwa daga jirgi da ɓarin ƙwarya, bai dube ni ba. Can ya ce, "Ƙasarmu za ka? Ba na yarda a kai mana Bafillatanin da uwarsa ba ta sallama ba, sai a ce sato shi muka yi. Shiga jirgi, mu je wurinta."

Na ce ba amfani, zan gaishe ta ne ta amsa wa danga. Ya ce shi ba don ni zai je ba, yana so ne ya ga matar da ta haifi irin wannan bala'i.

Ruwa ya shafe hanya a lokacin, sai muka bi ta fadama. Ya tura jirgin da doguwar gora tsakanin gonakin shinkafa, sauro na cin mu da rana tsaka, masu korar tsuntsu na ihu daga kan rumfunansu. Mun isa bayan azahar, na gaji tun kafin in sauka.

Mahaifiyata ta fito ƙofar gida, ta zauna a inuwa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana duban gefe kamar kullum. Abokina bai jira komai ba. Ya ce, "Inna, ke ce kika haifi wannan sillen karan? Allah Ya ba ki haƙuri."

Ita kuwa ta juyo ta ƙare masa kallo, ta ce, "Wane ne wannan da kaji suka yi wa tono a fuska?"

Ya ce kajin gidan sarauta ne. Ta ce to ba su ƙoshi ba, ya koma su ƙarasa. Ta yi dariya, ina durƙushe a gabanta, ba ta ɗauke ba.

Sai ya ce, "Ɗanki zai tafi Gabas, hannunmu zai koma. Zan ɗura masa tarwaɗa har ya yi ƙiba irin ta mutane."

Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Kada ka ba shi tarwaɗa. Ƙuraje take fito masa a wuya, tun yana rarrafe. In kuma ka ga ya daɗe shiru ba fushi yake ba, kansa ne ke ciwo, a jiƙa masa tsamiya."

Duka biyun gaskiya ne. A wurin na tuna cewa duk ranar da aka yi miyar tarwaɗa a gidanmu, ni miyar kuka nake tararwa a akushina. Na girma ina ɗauka ragowar jiya ake ba ni.

Ya ce, "To in tafi da shi?"

Ta ce, "Ai da bakinsa. Amma ka faɗa masa hanyar Gabas nisa gare ta, ni kuma na tsufa." Ruwan da ya kewaye ƙauyen take kallo lokacin da ta faɗa.

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba. Na ce, "Adda, Babarbare ba ya riƙon amana. Gara in zauna." Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna motsi. Ban ga fuskarta ba, saboda haka ba zan ce dariya ce kaɗai ba, ba zan kuma ce kuka ne ba.

Fatake suka tafi babu ni. Yanzu ina koyar da yara a zauren malamina. Ba zan rubuta cewa komai ya gyaru ba. Har yau ba ta kama sunana ba, kuma ba na tsammanin za ta kama. Akwai ranakun da nake tashi da haushin shekarun da suka wuce, in rasa wanda zan ɗora wa. Duk zuwan da muka yi bayan wancan, abokina ne gadar, in ya tashi zagayawa sai mu yi shiru ni da ita har ya dawo.

Da ruwa ya janye ya bi masunta wajen Guri, ya ce in je ni kaɗai, shi ba bawan Fulani ba ne. Na tafi a ƙafa ta busasshiyar laka, na isa da faso a dugadugai. Muka gaisa, muka zauna. Tana tsinke zogale, ina kallon ƙasa. Har na fara neman hanyar yin sallama, sai ta ce, "Ina mai zanen nan?"

Na ce, "Kada ne ya haɗiye shi a Guri, sannan ya amayo shi. Wai naman Babarbare ɗaci gare shi."

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ƙarya kake."

Ƙarya nake kuwa, kuma na nemi gafarar Allah a kanta a hanyar dawowa. Amma kafin in tashi ta turo mini faifan zogalen, na taya ta tsinkewa har la'asar.