Liƙin da Aka Yi wa Autanmu

Autanmu mai goge ne. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya zo yana yi mini raɗa daga baya. Ba gogen ƙwarya ba, na Turawa, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa kamar mai ciwon haƙori. Tun yana sakandare a Kaduna ya kamu da shi, ya bi shi Legas, ya bi shi har ƙasar sanyi, ya dawo da takardun shaida da kanta a wuya. Dangi kuwa abu ɗaya suka sani: ɗan gidan alƙali ya zama maroƙi. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah, in an tambaye ta aikinsa sai ta ce yana nan yana fama.

Ni aikin jinya nake yi a Riyadh, ina zaune a unguwar Shifa. Da aka fara buɗe makarantun kiɗa a garin nan, wata makaranta ta ɗauke shi koyarwa, amma na gwaji. Sharaɗin a fili yake: a ƙarshen zango malamai za su yi wasa a gaban iyayen yara da mudir, wato shugaban makarantar. Wanda ya gamsar a sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, wanda bai gamsar ba a buga masa huruji ya tattara ya koma gida. Auta yana da mata da 'ya'ya a Kaduna, kuma a can babu mai cire kuɗinsa don ya ji gogen da ba a rawa da shi.

A ɗakin baƙina ya sauka, na kuwa ga ta kaina. Da safe sai ya kama ɗan guntun sauti ɗaya ya yi ta maimaita shi har shayi ya huce. Maƙwabciyata ta taɓa turo mini lambar mai gyaran iyakwandishan, don tausayi. Da yamma ya tafi wurin ɗalibansa, yaran da aka saya wa goge mai tsadar da ta fi ta motata, direba yana biye da su da jakar. Wata uwa ta tsare shi bayan sati biyu, wai me ya sa har yanzu ɗanta bai iya waƙar da zai yi a bikin ƙanwarta ba? Ran Alhamis kuma shi da wasu uku sukan sa baƙaƙen kwat su yi wasa a zauren wani otal, cokula suna yi musu amshi. Sau da yawa ana tare shi a tambaye shi ina banɗaki. Amma sai ya dawo yana murmushi ya ce, "Yaya, yau wani ya saurara, har ya ajiye waya." Wallahi wani lokacin haushi yake ba ni, wani lokacin kuma tausayinsa ya hana ni cin abinci.

Don wasan gwajin ya zaɓi wani dogon kiɗa na wani Bature da ya daɗe da rasuwa, wanda mutum ɗaya ke yi shi kaɗai. Ya ce mini tun yana saurayi yake bin ƙarshen kiɗan nan, bai taɓa yin sa yadda ransa yake so ba.

An ba kowane malami kujerun baƙi. Na ce ai ba za a bar na Auta wayam ba kamar wanda ba shi da dangi. Sai na tafi unguwar Jaradiya wurin Baba, wani tsohon direba ɗan Damagaram da ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa tun zuwana. Suna ko rasuwa, in dai na mutanenmu ne, sai da Baba ake yi. Ya ce, "Goge, ɗiyata? A Riyadh? Ikon Allah. Za mu zo."

Auta da kansa ya je ya yi musu bayani. Ba magana, ba waya, ba tafi sai ya sauke bakan gogen, kuma kowa ya zauna a kujerarsa. Baba yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Na ji, ɗana." Ashe ya ɗauka kara ce, irin wadda mai gida ke yi wa baƙo in ya ce kada ka wahalar da kanka. Wane makaɗi ne zai buɗe baki ya ce a yi masa liƙi?

Ranar suka zo cikin shadda da hula, matan da turaren da ya cika zauren. Wata Baturiya mai babban goge ta yi nata, wani Bamisre ya yi nasa, mutanenmu suna zaune tsit, har na fara alfahari. Sai aka kira Auta. Ya fito ya rusuna, ya fara. Ban san kan kiɗan nan ba, amma na san autanmu, kuma na ga ranar hannunsa ya zauna.

Baba yana kusa da ni. Na ji yana motsi, ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya sunkuyo ya ce, "Ɗiyata, yaron nan gumi yake yi." Na ce e, Baba, a yi shiru. Ya ce, "Duk masu kuɗin nan, ba wanda zai tashi? Wannan ai wulaƙanci ne. Ko maraya ne shi?" Kafin in kama bakin rigarsa ya miƙe.

A hankali ya taka, da nutsuwar dattijo, ya hau dandamali. Ya zaro sabuwar takardar riyal ya manna wa Auta a goshi. Gumi ya riƙe ta, ta saɓulo ta rufe masa ido ɗaya. Baba ya ƙara wata. Da matan suka ga an buɗe hanya, sai wata ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Maza suka yi layi. Wani ya kai hannu zai ɗaga hannun Auta na dama ya jinjina masa, Allah ya taimaka Baba ya buge hannun mutumin ya ce a bar shi ya yi aikinsa. Ni kuwa ina ƙasan dandamali ina jan wannan, ina harar wancan, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mudir yana layin gaba, bakinsa a buɗe. Wayoyin iyayen yara duk suna sama.

Auta bai tsaya ba. Da ido ɗaya, da takardu suna zubowa a kan gogen, ya ci gaba har ya sauke baka. Zauren ya ɗauki tafi da dariya.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Na riga na fara tunanin tsarabar da zan haɗa wa Auta ya kai wa yara. Baba kuma ya kira ni a waya yana jin daɗi, wai mun fitar da yaron kunya.

Da mudir ya kira Auta ofis, sai ya tarar da gahawa da dabino. Hoton bidiyon ya zaga gari, iyaye suna ta tambaya yaushe za a sake. An sabunta masa iƙama. Amma an ɗan gyara aikin: yanzu shi ne mai kula da daren kiɗan gargajiyar Afirka. Aka yi masa odar gogen ƙwarya, abin da bai taɓa riƙewa ba a rayuwarsa, da wata riga mai launi bakwai wadda ban taɓa ganin Bahaushe a cikinta ba. Ana raba wa baƙi takardun kuɗi na wasa a bakin ƙofa, akwai ma'aikacin da ke ɗaga hannu in lokacin liƙi ya yi. Auta ya sa hannu a kwantiragin, don yara suna makaranta. Baba ya je sau ɗaya bai ƙara ba. Ya ce liƙin da aka sa wa lokaci ba liƙi ba ne.

Ni dai na yi murna, ban ɓoye ba. Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar taushe ranar da sabuwar iƙamar ta fito. Yana ci sai ya ajiye lomar, ya dube ni ya ce, "Yaya, ranar nan, kin ji ƙarshen?"

Na ce wane ƙarshe?

Ya ce, "Ƙarshen kiɗan. Ya fito daidai. Ban kuskure ko ɗaya ba."

Na buɗe baki in ce na ji, sai na tuna lokacin ina riƙe da rigar wani mutumin Maraɗi. Na ce masa ban ji ba, Auta. Ya gyaɗa kai ya ce ba komai, ya tambayi kowa, har mudir, babu wanda ya ji. Ya jawo kwanon miya ya ci gaba da cin tuwonsa.