Liyatu, Uwar da Yusrah Ba Ta Sani Ba

Yau Alhamis, 15 ga Mayu, 2025. Gwiwoyina sun kumbura tun shekaranjiya, idon hagu kuma sai ruwa yake yi, don haka a hankali nake rubutun nan, ina yi ina hutawa.

Ranar Litinin, 12 ga wata, da hantsi, Hosea ya kira ni a waya ya ce matarsa Liyatu ta rasu a gidansu da ke Karewa, bayan jinyar kwana tara. Hawan jini ne ya kayar da ita, tana da shekara arba'in da huɗu. Jiya aka binne ta. Ban je ba, domin yanzu ko masallacin unguwa sai an riƙe ni.

Liyatu, akwai yarinya 'yar shekara goma a garin nan da ta yi rashin uwa ranar Litinin, kuma har yanzu ba ta sani ba. Jikata ce, Yusrah. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Kin shigo gidana a Luggere cikin watan Satumba na 2014, lokacin da mutanen Michika suka cika Jimeta da ƙullin kaya a ka, suna gudun yaƙi. Na daɗe da barin aikin koyarwa, matata ta shekara biyu da rasuwa, ɗakuna uku babu kowa a ciki. Mai unguwa ya kawo ki da goyon ɗanki Philemon, ɗan wata huɗu. Ƙafafunki sun faffashe saboda tafiyar dutse, kuma ba ki san inda mijinki yake ba, tun da gudu ya raba ku. Na ba ki ɗakin da ke kusa da rijiya. Washegari na tashi na tarar kin share tsakar gida har bayan randa, inda ba a taɓa ba tun rasuwar mai ɗakina.

Cikin Nuwamba 'yata Nuriyya ta dawo gida haihuwar fari. Mijinta Muktar yana aiki a Abuja. Naƙuda ta yi tsawo, likitoci suka yi mata aiki suka ciro 'ya mace. Bayan kwana huɗu aka sallame ta, domin gadajen asibiti ba sa isar masu rauni a wancan lokaci. Ta shigo gida a sunkuye, tana riƙe da cikinta da hannu biyu, ko tari ba ta so ta yi.

Ƙanwata Sakinatu, goggon Nuriyya, ta zo daga Adarawo don ta kula da mai jego. Mace ce mai kirki, kuma abin da ta gada ta zo da shi. Ta ɗora babbar tukunya, ta zuba ganyen dogonyaro, ruwa ya tafasa, ta ce a fito da Nuriyya wankan jego. Ina zaune a zaure na ji muryarki, wadda ban taɓa jin ta ɗagu ba. Kika tsaya tsakanin tukunya da ƙofar ɗaki kika ce, da Hausarki mai mayar da mace namiji, "Goggo, wannan ba haihuwa irin namu ba ne. An yanka shi, an ɗinka. Ruwan nan zai buɗe ɗinki." Sakinatu ta ce tun ba a haife ki ba take yi wa mata wanka. Kika ce, "Gaskiya ne, Goggo. Amma kin taɓa wanke mai zare a ciki?" Sai ta sauke tukunyar. Daga ranar ke kike goge wa Nuriyya jiki da tsumma da ruwa mai ɗumi, kina kaucewa wurin ɗinkin.

Sai matsalar nono ta biyo baya. Ruwa bai kawo sosai ba, kan nonon ya tsattsage, jaririya ta kasa kamawa. In an ɗora ta a ciki, Nuriyya ta yi ƙara saboda ɗinki. In an ɗauke ta, jaririya ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Sakinatu ta tatsi ɗan abin da ya samu a ƙoƙo, ta jefa tururuwa, tururuwa ta nutse, ta ce nonon ba shi da kyau, kada a ƙara ba yarinya. Nuriyya ta juya fuska ga bango. Na ji tana cewa ita ba ta iya haihuwa ba, ba ta iya shayarwa ba, to mene ne amfaninta.

Da azahar ɗin ranar kika same ni a zaure, kika durƙusa kika ce, "Baba, yaron nan yunwa zai kashe shi. Ni ina da ruwa, ya ishe biyu. In addininku bai hana ba." Na ce bai hana ba, amma ki sani, wadda ta shayar ta zama uwa, ɗanta ya zama ɗan'uwa, har abada babu aure tsakaninsu. Kika yi dariya, karon farko tun zuwanki, kika ce, "To Philemon ya yi asarar mata mai kyau."

Kwana goma sha ɗaya kina shayar da ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ki yarda ki maye gurbin Nuriyya ba. Kullum sai an fara gwada na uwa kafin naki. Kika nuna mata ta tallafi jaririya ta ƙarƙashin hammata, a kan matashi, yadda ƙafafu ba za su taɓa ɗinki ba. Kika riƙa dama mata kunun gyaɗa, kina tsaye sai ta shanye. Tururuwa kuwa, kika tatsi naki a ƙoƙo kika jefa wata a gaban Sakinatu, ita ma ta nutse. Goggo ta dube ki ta ce ke fitinanniya ce, kuma daga nan kuka zama aminai. Ranar da Yusrah ta kama nonon uwarta ta sha har ta yi barci, kin fito tsakar gida kina waƙar cocinku a hankali, hannunki a kan baki don kada ki tashe ta.

Yanzu ga laifina. Da Muktar ya zo ya ji labari, ransa bai so ba. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, amma kada a faɗa wa kowa, kada yarinya ta taso da jin haka. Na san ba daidai ba ne, na san hukuncin, amma na yi shiru don kada in taɓa auren 'yata. Ke ma kika yi shiru saboda ni. Da Hosea ya ɓulla daga Kamaru bayan wata biyar, kuka kama haya a Karewa, kika sami aikin shara a wata makaranta. Duk Sallah sai kin zo da gyaɗa a ƙulle, ki zauna gefe kina kallon Yusrah tana tsalle cikin sabon kaya. Ita kuwa Maman Philemon take kiranki, ta gaishe ki a tsaye ta wuce. Sau ɗaya kawai kika ce mini, "Baba, ya yi tsawo," kika share ido da gefen zane.

Sakinatu ta rasu bara. Ke kin tafi. Cikin waɗanda suka gani da ido, saura ni da Nuriyya, ita kuma a ƙarƙashin miji take. Don haka ni Haladu ina shaidawa a rubuce: Liyatu matar Hosea uwar Yusrah ce ta shayarwa, Philemon yayanta ne, kuma tana da haƙƙin a gaishe ta da wannan rashi.

Allah ya jiƙan rai. Shi ya san abin da kika yi a gidana, kuma ba ya ɓatar da alherin kowa. Hosea, Allah ya ba ka haƙuri. Philemon da ƙanwarsa Zipporah, Allah ya raya ku, ya haɗa ku da masu yi muku irin abin da uwarku ta yi wa 'ya'yan wasu. Ina miƙa ta'aziyya ga danginta na Michika da jama'ar cocinsu.

Jiya na roƙi Nuriyya a waya ta kawo mini Yusrah yau bayan azahar, in gaya mata da bakina, mu hau keke napep mu je zaman makoki tare. Ta ce to, za ta nemi izini. Na sa babbar riga tun rana tana tsaka, na zauna a zaure. Gobe zan ba maƙwabcina Malam Zakariya takardar nan ya kai Karewa a karanta a gaban jama'a, Muktar ya ji, in zai yi fushi ya yi da ni.

An kira magariba. Nuriyya ba ta zo ba.