Kangon Bayan Gidanmu a Lewisham

Wata Asabar cikin watan Afrilu, ina 'yar shekara takwas, Baba ya durƙusa a kangon da ke bayan flat ɗinmu a Lewisham, ya yafito ni. Council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta rushe ginin da ke wurin, ba abin da ya saura sai tsakuwa da ɓaraguzan bulo. Ya nuna mini wani ɗan kore-kore a jikin dutse, bai kai farcena ba. "Uwata, gansakuka ce," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Duk inda ƙanƙara ta janye daga kan tsauni, ita ke fara zuwa. Sannan ciyawa, sannan itatuwa."

Karatun da ya kawo shi daga Zariya ke nan, yadda tsirrai ke mamaye ƙasar da ƙanƙara ta daɗe tana danne da ita. Da tallafin gwamnatin gida ya yanke, sai ya bar jami'a a Bloomsbury ya koma tuƙin bas. Kangon nan shi ne abin da ya rage masa. Mu yara wurin ɓuya muka ɗauke shi, muna tsinkar baƙaƙen 'ya'yan ƙaya har bakinmu ya rine. Shi kuwa da ya tashi aiki can zai nufa, ko kaki bai cire ba. A gefe guda ya yi wa Mama kunyar alayyafo, ni ke sauko da ruwa a jarka daga hawa na shida, ina ƙunƙuni da Turanci. Sauran filin ya hana a taɓa, ya ce a bar ƙasa ta yi aikinta. Kafin in shiga sakandare wasu itatuwa masu farin ɓawo sun fi ni tsawo.

Sai aka manna sanarwa an sayar da filin. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya je ofishin council, wani matashi ya gaya masa ai juji ne kawai. Wata rana da hantsi katafila ta shigo, kafin azahar ta gama. Baba yana tsaye bakin shingen waya, hannuwansa a baya. Tun daga ranar ban sake jin ya ambaci sunan wani tsiro ba, har ya rasu.

Yanzu dogon bene ne na gilashi a wurin, an shimfiɗa ciyawar roba a ƙofarsa. 'Ya'yana na wucewa ta nan zuwa makaranta, ba su san kakansu ya taɓa durƙusawa a wajen ba. Har yau ban yafe ba, ban kuma san wa zan riƙe ba.