Burtalinmu da Kawun Amarya

Shekarar da aka sa mini rana ita ce shekarar da aka fara cin burtalin da shanun Baba ke bi zuwa rafi. Ƙauyenmu yana tsakanin Gwarzo da Kabo, kuma tun kakanni ta nan dabbobi ke wucewa. Kafin damina sai ga turaku an kafa a tsakiyarsa, ba wanda ya san mai su. In aka shuka wurin, shanu ba su da hanyar ruwa.

Lokacin ina kwana da littattafan soyayya na kasuwa, inda saurayi kan shiga ofis, ya faɗi magana ɗaya, azzalumi ya fashe da kuka. Sai na ji a rediyo akwai dokar da ta ba kowane talaka damar neman ganin takardun hukuma. Na goge shaddata, na fesa turare, na nufi ofishin filaye na ƙaramar hukuma neman taswirar burtali. A hanya har ina hango budurwata tana sharar hawayen alfahari.

Ina ɗaga labule na tarar wanda ke kan kujera kawunta ne. A wajenmu suruki ba a haɗa ido da shi, balle a yi masa tambaya. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Shi ma kunyar ta ba shi mafaka, ya juya ga wani tsohon masinja da ke bakin ƙofa.

“Malam, tambayi yaron nan lafiya?”

Na sunkuyar da kai na gaya wa masinja buƙatata, shi kuma ya maimaita, alhali taku biyu ne tsakaninmu.

“Gaya masa wannan dokar ta Abuja ce,” in ji Kawu. “Ba ta samu motar zuwa nan ba tukuna.”

“Ranka ya daɗe, rediyo ta ce ko’ina take aiki,” na ce wa masinja.

“To ya je rediyon ta nuna masa. Taswira tana cikin kabad, mukulli yana aljihun shugaba, shugaba yana Umra.” Ya gyara hularsa. “Tambaye shi, an gama haɗa lefe kuwa?”

Masinja ya dube ni yana danne dariya. “Ango, ka ji Alhaji.”

A duk littattafan da na karanta babu jarumin da ya yi gardama a durƙushe. Na yi godiya na fita da baya.

Ruwa ya sauka, gyaɗa ta rufe burtali. Baba ya koma kora shanu ta gefen kwalta, ana yi masa hon, har ya gaji ya sayar da rabinsu. Bayan kaka aka yi bikina. Cikin garar amarya akwai buhun gyaɗa, aka ce daga sabuwar gonar Kawu, ta hanyar rafi. Baba ya damƙi ’yar kaɗan ya ɓare, ya tauna.

“Ta yi daɗi,” ya ce. “Ai takin shanuna ta sha.”