Kofin Ruwan Oga Abednego

Ƙarfe bakwai na safe Oga Abednego ya riga ya buɗe rumfarsa a bayan tashar Jabi. Ba da sifana yake fara aiki ba. Wani kofin gilashi mai tsagaggen baki yake fara wankewa, ya cika shi da ruwa, ya ajiye a kan benci. Baƙo sai ya ɗauka na sha ne. Taɓa shi ka ga faɗa!

Shekara talatin aikinsa guda ne. Idan injin tsohuwar mota ya mutu, mai ita ya sayo na hannu, wato tokumbo, wanda motar ta girme wa da shekara ashirin, ramukan ƙusoshinsu ba sa haɗuwa. Dole a ƙera wa injin sabon mazauni, wato ƙafafun ƙarfe da roba da ke riƙe shi a jikin mota, waɗanda 'yan gareji ke kira injin-sit. Oga sai ya rataye injin da sarƙa, ya yi ta sauke shi kaɗan-kaɗan, ya yanka kwali daidai siffar ƙafar, ya gwada, ya yar, ya sake yankawa. Sai kwali ya zauna sannan a taɓa ƙarfe. In an gama, a tayar da mota, ya ɗora kofin nan a kan bonet. Ruwa ya girgiza, mota ba ta fita.

Ni ma na ɗanɗana. Kwana tara ya riƙe tawa, har na ce masa ko aurenta zai yi. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Oga, ba ni na riƙe ta ba. Tambayi ruwa." Na tafi ina ƙunƙuni. Yau shekara shida, ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba, kunya ta ishe ni.

Bana likita ya ce walda ta cinye masa ido, in ya ƙara kallon wutar, ɗan sauran ganin ma zai tafi. Ya sanar cewa ƙarshen wata zai rufe rumfa ya koma gida Filato. Saura mako guda sai ga Hajiya Ummukulthum.

Wannan baiwar Allah ƙwai take ɗaukowa daga gonar kaji a Uke, ta raba wa masu shaguna a Jabi, a cikin tsohuwar Fijon da mijinta ya rasu ya bar mata. Da ita take ciyar da 'ya'ya biyar. Da injin ya mutu, wani mai gaggawa ya sa mata sabo a yini guda, ya manne shi da walda, ƙarfe kan ƙarfe, babu roba. Tun daga ranar, in ta tsaya a cunkoson Mararaba, motar sai ta yi ta kyarma kamar injin markaɗe. Kafin ta iso, ƙwai sun tsattsage. Masu shaguna suka ce nan da Litinin in ba ta gyara ba, za su koma wa wani.

"Baba, an ce ka daina," in ji ta. "Amma wallahi ban san inda zan nufa ba."

Ya zura hannu ƙarƙashin injin ya shafa, ya yi tsaki. "Hajiya, wannan ba gyara ba ne, mugunta ne. Bar makulli."

A gabanmu aka yi. Kwalin da yatsa ya auna shi, don ba ya ganin layin alli. Da aka zo walda, ya kira Musaddiq, maƙwabcinsa mai walda, wanda suka shekara goma suna gardamar wa ya fi wani. Ya miƙa masa ƙarfen, shi kuma ya juya baya ya fuskanci bango, yana saurare. Can sai ya daka tsawa, "Musaddiq, wutarka ta yi yawa, ina ji! Rage." Musaddiq ya ce, "Makaho ma sai ya koya mini aiki?" Amma ya rage ɗin.

Ranar Asabar aka tayar da mota. Oga ya ɗora kofin, ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya miƙe. "Hajiya, zo ki duba mini. Ni ba na ganin ruwan." Ta duba ta ce, "Baba, ko motsi." Bai yarda ba sai da ya kifa tafinsa a kan bonet ya ji da kansa.

Oga Abednego, kai ne wanda aikinsa ke ɓoye a ƙarƙashin inji, inda mai mota ba ya leƙawa, amma ba ka taɓa ha'intar kowa a wurin ba. Kai ne ka miƙa wa abokin gardamarka wuta don motar marayu ta fita daidai. Gwanin zaunar da inji, mun gode, Allah ya saka, ya tsare maka sauran ganinka. Ku kuma masu sa inji a yini guda, kofi ba tsada gare shi ba, ku nemi naku.

Ranar Litinin Oga yana ɗaure kaya, Hajiya ta tsaya a bakin rumfa, ta sauko da kiret guda ta ɗora masa a cinya. "Daga Uke, ta Mararaba," ta ce. Ya bi ƙwan nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har talatin, bai ji tsaga ba. Sai ya ɗauki kofin ya miƙa wa Musaddiq, ya ce, "Kar ka sha."